Wace Wuta Ce Ke Tuƙa Motar Lantarki?

Tun da motoci masu aiki da lantarki suka fara yawaita a titunan duniya, magana biyu ce ke yawo a bakin jama'a, kuma kowace da masu riƙe da ita gam. Ta farko ita ce wadda kamfanonin ƙera motoci da wasu gwamnatoci ke tallatawa, cewa motar lantarki ba ta fitar da hayaƙi ko kaɗan, don haka duk wanda ya saye ta ya wanke hannunsa daga gurɓata muhalli. Ta biyu ta masu suka ce, waɗanda ke ganin rufa-ido ne kawai, tunda wutar da ake ɗura wa motar da kwal ko iskar gas aka samar da ita. An dai ɗauke hayaƙin daga salansa an mayar da shi tashar wuta, can inda ido ba ya kaiwa. Kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya ya saki sauran. Motar lantarki ba ta da makamashin kanta. Abin da ke tuƙa ta shi ne abin da aka ƙona, ko aka tare, ko aka tatsa domin samar da wutar da ta sha, kuma wannan yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, daga jiha zuwa jiha, har ma daga hantsi zuwa tsakar dare. Duk hukuncin da aka yanke wa motar ba tare da an nuna tushen wutarta ba, hukunci ne da aka yanke kafin a ji shaidu.

Bayanin kalmomi

Makamashi shi ne duk abin da ake samun ƙarfin yin aiki daga gare shi: man fetur, kwal, iskar gas, ruwa mai gangarowa, iska, hasken rana, ko ma'adinin yuraniyom. Wutar lantarki ba ta cikin wannan jeri, domin ba a haƙo ta daga ƙasa, ba kuma a ɗebo ta daga rafi. Hanya ce ta ɗaukar ƙarfi daga inda aka samar da shi zuwa inda ake buƙatarsa. A yawancin tashoshin wuta aikin ɗaya ne: a sami abin da zai juya wata babbar farfela, ita kuma ta juya injin da ke haifar da lantarki. A tashar kwal da ta nukiliya tururin tafasasshen ruwa ne ke juya farfelar, a madatsar ruwa nauyin ruwan ne, a tashar gas kuma zafin iskar da aka ƙona. Farantan sola ne kaɗai suka fita daban, su kan mayar da haske lantarki kai tsaye ba tare da wani abu ya juya ba. Duk wutar da waɗannan tashoshi suka samar tana haɗuwa a babban layin wuta na ƙasa ta gauraye, ta yadda wanda ya jona waya a soket ba shi da hanyar tantance wadda ta zo daga ruwa da wadda ta zo daga kwal.

Batir ma'ajiya ce kawai, caji kuma shi ne cika ta. Ana auna abin da aka cika da kilowat-awa, wato yunit ɗin nan da mitar kati ke cinyewa a gida. Megawat kuwa ma'aunin ƙarfin tasha ne, kilowat dubu ke nan. Iskar kabon ita ce wadda ke fita duk lokacin da aka ƙona fetur, kwal ko gas, kuma taruwarta a sama ce babban abin da ke jawo ɗumamar yanayi.

Su kansu motocin ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su na ƙara rikita zancen. Akwai mai batir zalla, wadda ba ta da tanki ba ta da salansa, irin Nissan Leaf da ta fito a 2010 da motocin Tesla. Akwai mai haɗa batir da injin fetur wadda ake iya jona ta a soket, takan yi ɗan nisa da lantarki sannan injin ya karɓa. Akwai kuma irin Toyota Prius ta asali, wadda ta fito a 1997, da ba a jona ta ko'ina. Duk ƙarfinta daga fetur yake, batirin yana taimaka mata tsimin mai ne kawai. Sai masu amfani da iskar haidurojin, irin Toyota Mirai, waɗanda ruwa ne kawai ke fita daga bayansu, amma kusan duk haidurojin ɗin da ake samarwa a duniya yau daga iskar gas da kwal ake tatso shi. Wannan sharhi ya fi karkata ga mai batir zalla. Ya kamata kuma a kawar da wata jita-jita tun nan: babu motar da ke cajin kanta tana tafiya har abada. Idan direba ya taka birki, motar lantarki takan mayar da wani ɓangare na ƙarfin gudun cikin batir, amma ragowar abin da aka riga aka zuba ne, ba sabon ƙarfi ba.

Mota ɗaya, wuta daban-daban

A shekarar 2023, kimanin kashi 35 cikin ɗari na wutar lantarkin duniya daga kwal aka samo shi, kimanin kashi 22 daga iskar gas, kashi 14 daga madatsun ruwa, kashi 9 daga nukiliya, iska da rana kuma a haɗe suka ba da kimanin kashi 13. Wato har yanzu fiye da rabin wutar duniya ƙone-ƙone ce. Masu suka sun yi gaskiya a nan. Sai dai babu motar da ake caji da matsakaicin lissafin duniya. Kowace tana shan wutar garin da take.

A Norwe, inda kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu batir zalla ne, wajen kashi 90 na wutar ƙasar daga madatsun ruwa yake fitowa, yawancin ragowar kuma daga iska. Motar lantarki a can, a zahiri, ruwan da ke gangarowa daga duwatsu ne ke tura ta. (Abin lura, ita Norwe ɗin tana cikin manyan masu sayar wa duniya ɗanyen mai da gas, kuma arzikin da ya ba ta damar sauƙaƙa wa motocin lantarki haraji bai rasa nasaba da wannan ciniki ba.) A Faransa kusan kashi biyu cikin uku na wutar daga tashoshin nukiliya ne, kuma shekaru da dama wani ɓangare na yuraniyom ɗin da kamfanonin Faransa ke amfani da shi daga Arlit ta jihar Agadez aka haƙo shi, a Nijar, ƙasar da mafi yawan mutanenta ba su da wutar lantarki a gida. Idan aka tuƙa wannan mota aka shiga Folan, labari ya sauya, domin har yanzu fiye da rabin wutar ƙasar daga kwal ne. Indiya ta fi haka, kusan kashi uku cikin huɗu, Afirka ta Kudu kuma sama da kashi 80.

Sin ce ta fi ɗaure kai, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Cikin motocin lantarki sama da miliyan 17 da aka sayar a duniya a 2024, idan aka haɗa da masu batir da inji da ake jonawa, sama da miliyan 11 a Sin aka saye su. Kusan kashi 60 na wutar ƙasar daga kwal ne. Amma kuma babu ƙasar da ta kai ta kafa farantan sola da injinan iska. A 2024 kaɗai ta ƙara sola mai ƙarfin sama da megawat 270,000. Amurka kuwa ta nuna cewa ko a cikin ƙasa ɗaya amsar ba ɗaya ba ce. A dunƙule, a 2023 iskar gas ta ba da kimanin kashi 43, nukiliya kashi 19, kwal kashi 16. Amma mai caji a jihar West Virginia sama da kashi 80 na wutarsa kwal ne, na jihar Washington kuma mafi yawan tasa daga madatsun ruwa.

A nahiyarmu ma akwai misalai masu kyau. Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu amfani da fetur da dizal a farkon 2024, kuma dalilinta na tattalin arziki ne kafin ya zama na muhalli: kuɗin waje take kashewa wajen sayo mai, alhali kusan duk wutarta daga ruwanta ne, ga kuma babbar madatsar da ta gina a kan Kogin Nilu mai ƙarfin sama da megawat 5,000. Kenya na samun kusan kashi 90 na wutarta ba tare da ƙona mai ba, babban kaso daga tururin ƙarƙashin ƙasa a Olkaria, sai ruwa, sai iskar Tafkin Turkana. Bas mai lantarki a Nairobi, saboda haka, zafin cikin ƙasa ne ke ɗauke da fasinjojinta.

Lissafin hayaƙi

Hujjar masu cewa an matsar da hayaƙin ne kawai ta cancanci a auna ta da alƙaluma, ba da surutu ba. Matsakaiciyar motar lantarki takan ci yunit 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100. A ɗauki 20, domin a haɗa da abin da ke salwanta wajen caji. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2014, ya ƙiyasta cewa kowane yunit na wutar kwal yana tafe da kimanin giram 820 na kabon, na gas giram 490, na manyan gonakin sola giram 48, na madatsar ruwa giram 24, na nukiliya da iska kuma wajen giram 12; wannan ya haɗa da hayaƙin gina tashar tun daga tushe. Idan aka ninka da 20, tafiyar kilomita 100 za ta jawo kabon kilo 16 da ɗoriya a wutar kwal zalla, kusan kilo 10 a wutar gas, kilo 1 a sola, rabin kilo a wutar ruwa. Ita kuwa motar fetur, kowace lita tana sakin kimanin kilo 2.3 idan ta ƙone. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 ta saki sama da kilo 18 ke nan daga salansa kaɗai, ba a sa hayaƙin haƙo ɗanyen man, tace shi da jigilarsa a tanka ba, wanda masu suka kan manta da shi, kamar fetur daga sama yake faɗowa cikin gidan mai.

Me ya sa motar da ke shan wutar kwal ba ta fi ta fetur muni ba? Dalilin yana cikin injin. Injin fetur mai asara ne ƙwarai: mafi yawan ƙarfin man zafi yake zama, ya fita ta lagireto da salansa, abin da ke isa tayoyi bai wuce kashi 12 zuwa 30 cikin ɗari ba, bisa ƙiyasin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka. Motar lantarki kuwa tana isar da sama da kashi 77 na wutar da ta sha zuwa tayoyi. Ita ma tashar kwal tana asarar fiye da rabin zafinta, shi ya sa lissafin ya zo kusa da juna idan kwal ne zalla. Tashar gas ta zamani takan mori fiye da rabin zafin da ta ƙona, nan tazarar ke buɗewa sosai.

Adalci ya sa a faɗi inda masu suka suka ci. Ƙaramar mota mai tsimin mai irin Prius, wadda ba ta shan fiye da lita 5 a kilomita 100, tana iya doke babbar motar lantarki da ake caji da wutar tsohuwar tashar kwal. Haka nan tashar kwal ba kabon kaɗai take saki ba, akwai toka da kibiritu da ke cutar da huhun mazauna kusa da ita, waɗanda galibi talakawa ne da ba su mallaki mota ba. Tsabtar iskar da mazaunin birni ya samu, wani ne a bayan gari ke biyan wani ɓangare na kuɗinta. Motocin lantarki kuma sun fi nauyi saboda batir, don haka ƙurar da tayoyinsu ke saki ba ta ragu ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai wani bambanci da ke rinjayar da ma'aunin: motar fetur da aka saya yau, fetur za ta sha har ranar da za a kai ta wurin 'yan gwangwan, ita kuwa ta lantarki tana tsarkakuwa gwargwadon yadda wutar ƙasar ke tsarkakuwa, ba tare da mai ita ya kwance ko noti ɗaya ba. A 2012 kusan kashi 40 na wutar Birtaniya daga kwal ne. A ƙarshen watan Satumban 2024 aka rufe tashar kwal ta ƙarshe a ƙasar. Nissan Leaf ɗin da aka saya a Landan a 2012, idan tana nan da rai, yau wata irin wuta dabam take sha.

Bashin batir

Akwai makamashin da motar ke ci tun kafin a ɗora mata lamba. Ƙera batir aiki ne mai shan wuta: a haƙo litiyom a Ostireliya ko Chile, kobal a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango wadda ke ba da kusan kashi 70 na abin da duniya ke haƙowa, nikel a Indunusiya, sannan a tace a harhaɗa, galibi a Sin, wadda ke ƙera sama da kashi uku cikin huɗu na batiran duniya da wutar da kwal ya yi wa rinjaye. Saboda haka sabuwar motar lantarki takan fito daga masana'anta da bashin kabon da ya fi na 'yar uwarta mai fetur. Tambayar ita ce ko tana biyan bashin. Wani bincike da cibiyar ICCT mai nazarin sufuri ta fitar a 2021, wanda ya haɗa komai tun daga ƙira har zuwa ƙarshen rayuwar mota, ya sami cewa matsakaiciyar motar batir tana fitar da ƙasa da na mai fetur da kashi 66 zuwa 69 cikin ɗari a Turai, kashi 60 zuwa 68 a Amurka, kashi 37 zuwa 45 a Sin, kashi 19 zuwa 34 a Indiya. A ko'ina cikin huɗun kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma dubi tazarar da ke tsakanin Turai da Indiya: mota iri ɗaya, ribar ta ninka sau biyu ko uku saboda tushen wuta kawai. Batun halin da masu haƙar kobal ke ciki, har da ƙananan yara a wasu ramukan Kwango, matsala ce ta gaske da wannan lissafi bai share ba. Wani ɓangare na amsarta shi ne yaɗuwar batiran da ba sa buƙatar kobal ko nikel, waɗanda kamfanoni irin BYD suka rungume.

Yadda ake nuna tushen wuta, da inda ake ruɗin jama'a

Tunda wutar a gauraye take zuwa, nuna tushenta lissafi ne, kuma hanyoyin lissafin ba su da daraja ɗaya. Mafi sauƙi shi ne matsakaicin shekara: a ɗauki duk wutar da yanki ya samar a raba ta kashi-kashi. Haka Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ke nuna wa masu sayen mota jiha-jiha. Yana da amfani, amma yana ɓoye sa'o'i. A Kaliforniya, da tsakar rana farantan sola kan cika layi har wutar ta yi yawa a rasa yadda za a yi da ita. Da almuru, lokacin da mutane ke komawa gida su jona motoci, rana ta faɗi, tashoshin gas ne da manyan batiran ajiya ke ɗaukar nauyi. Maƙwabta biyu masu mota iri ɗaya, ɗaya na caji a wurin aiki da azahar, ɗaya a gida bayan magariba, ba wuta ɗaya suka sha ba. Shi ya sa kamfanin da ke kula da babban layin Faransa, da kamfanoni irin Electricity Maps, suke nuna gaurayen wutar sa'a bayan sa'a.

Wasu masana na ganin ko wannan bai isa ba. A cewarsu, abin tambaya shi ne wace tasha ce aka ƙara wa wuta saboda wannan motar ta jona. Rana da iska suna ba da iyakar abin da suke da shi ko da mota ko babu, don haka ƙarin buƙata yakan faɗa kan tashar gas ko kwal da ke jiran a kira ta. Wannan hujja tana da ƙarfi idan maganar daren yau ake yi. Tana raunana idan aka dubi shekaru, domin ƙaruwar buƙata ce ke sa a gina sababbin tashoshi, kuma mafi yawan ƙarfin da ake ƙarawa a duniya a 'yan shekarun nan na rana ne da iska. Nauyin da motocin suka ɗora wa layukan wuta ma bai kai yadda ake zuzutawa ba tukuna: Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk motocin lantarkin duniya sun sha kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari na wutar da aka yi amfani da ita a 2023.

Hanyar da ta fi buƙatar taka-tsantsan ita ce ta takardar shaida. A Turai da Amurka, mai tashar iska ko ruwa yana iya sayar da wutarsa daban, ya sayar da takardar shaidar tsabtarta daban. Kamfanin caji a ƙasar da kwal ya yi wa yawa sai ya sayi takardar daga wata madatsa a Norwe, ya manna allo cewa wutarsa mai tsabta ce ɗari bisa ɗari. A doka bai yi ƙarya ba, kuɗin kuma yana iya taimaka wa masu samar da wuta mai tsabta. Amma abin da ya shiga batirin direba a wannan dare wutar layin garin ce, da kwal ɗinta da komai.

Najeriya da Nijar: gas, ruwa, janareta da rana

A takarda, wutar Najeriya ba ta da muni ga motar lantarki. Kimanin kashi uku cikin huɗu ko fiye daga tashoshin gas take zuwa, irin Egbin ta Legas, ragowar kuma daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Kwal kusan babu shi. Da wannan gauraye, kabon ɗin tafiyar kilomita 100 bai kai rabin na motar fetur ba. Ta fuskar aljihu ma haka: ko a farashin rukunin A, wato mafi tsada, na naira 225 kan kowane yunit da aka sanar a watan Afrilun 2024, yunit 20 naira 4,500 ne, alhali lita 8 ta fetur, a farashin wajen naira 1,000 da aka gani a ƙarshen wannan shekara bayan cire tallafi a 2023, naira 8,000 ce.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Babban layin ƙasar galibi megawat 4,000 zuwa 5,000 yake rabawa ga mutum sama da miliyan 200, kuma faɗuwarsa ba baƙon labari ba ne. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Maiduguri, garin da ya yi suna da bas-bas da tasi masu lantarki, da kuma aikin Mustapha Gajibo na mayar da ƙananan bas masu fetur zuwa masu batir, an yanke shi daga babban layi a farkon 2021 sakamakon fasa turakun wuta, sai da aka gina masa tashar gas ta gaggawa mai megawat 50 da aka buɗe a 2023. Nijar kuwa kusan kashi 70 na wutarta daga Najeriya take sayowa kafin a katse mata a watan Agustan 2023, ragowar daga injinan mai irin na Gorou Banda, da kwal ɗin Anou Araren, da ɗan sola da ke ƙaruwa.

Inda wutar layi ba ta da tabbas, janareta ne ke cike giɓi, kuma kowa ya san yadda abin yake a rumfar mai cajin waya a bakin kasuwa: wayoyi hamsin jere a kan katako, kowace shiru ba ta hayaƙi, a bayan rumfar kuma ƙaramin janareta na ta ruri yana tofar da baƙin hayaƙi. Motar lantarkin da aka caja da janareta haka take. Ƙaramin janaretan fetur da ƙyar yake ba da yunit 2 daga lita guda, don haka yunit 20 zai ci lita 10 ko fiye, wato ya wuce lita 8 ɗin da motar fetur za ta sha a tafiya iri ɗaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Babban janaretan dizal ya fi dama, yakan ba da yunit 3 ko ɗan fiye a lita, amma ko shi kunnen doki kawai zai yi da motar fetur ta fuskar hayaƙi, bayan an biya tsadar batir.

Abin da yankin ke da shi a yalwace rana ce. A Sakkwato, Kano, Maradi ko Damagaram, farantai masu ƙarfin kilowat ɗaya kan ba da yunit 4 zuwa 5 a yini, sai dai ƙurar hunturu ta rage idan ba a goge su. Motar da ke yin kilomita 50 a rana tana buƙatar kimanin yunit 10, wato farantai shida masu wat 400 sun ishe ta. Faranti ɗaya ko biyu da za a ɗora a rufin motar kanta ba za su ba da fiye da tafiyar 'yan kilomitoci ba. Dole farantan su kasance a rufin gida, tasha ko rumfar ajiye motoci. Irin wannan ce hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya ta gwada lokacin da ta buɗe tashar caji mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021. Matsalar ita ce abin hawan haya da rana yake neman kuɗi, daidai lokacin da farantan ke aiki. Mafitar da ta fi dacewa da babur da adaidaita sahu ita ce musayar batir: direba ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin mintuna kaɗan, waɗanda aka ajiye kuma su sha rana a tasha, kamar yadda kamfanin Ampersand ke yi wa 'yan acaɓar Kigali da musayar batir. Ƙananan ababen hawa ba sa cin wuta da yawa, kuma su ne ke shan mafi yawan wahalar tsadar fetur, don haka a nan ribar ta fi kusa, ba a manyan motocin alfarma ba.

Tun yanzu da harkar ke jaririya ya kamata hukumar kula da wutar lantarki da ta kula da motoci su wajabta wa kowace tashar caji ta rubuta a fili, kusa da farashi, kaso nawa na wutarta ya zo daga babban layi, nawa daga sola, nawa daga janareta a watan da ya gabata. Mitoci na iya ba da wannan lissafi ba tare da wahala ba. Gwamnatin jihar da za ta sayo bas-bas masu lantarki ta faɗa wa jama'a, a takardar kwangila ɗaya, inda wutarsu za ta fito. Mai niyyar saye kuma, kafin ya tambayi dillali kilomita nawa batirin ke yi, ya fara zama ya lissafa sa'o'i nawa unguwarsa ke samun wuta a rana, da abin da zai jona motar a kai ranar da aka ɗauke.